Kasuwa Shida

Man da ta shafa mini a mara sanyi gare shi,
kamar ruwan randa da asuba.
Na kwanta ina kallon fankar da ba ta juyi,
zane a sassauce, kunya a dunƙule cikin hannu,
ita kuwa likita idonta na kan gilashi
inda cikina ya koma toka da hayaƙi.

Ta tsaya. Ta sake dannawa ta hagu.
Na san irin wannan shirun.
Shekara ashirin ina kasa albasa a Aliero,
na san shirun mai saye
in yatsansa ya faɗa kan wadda bai yarda da ita ba.

"Hajo," ta ce, "akwai ƙullutu a jikin ƙwan haihuwarki,
santimita shida."
Ban san santimita ba. Ta tanƙwara yatsu ta gwada.
Na ce, ashe 'yar tsakiya ce,
ba ta kai a ɗora ta a bakin buhu ba.
Ta yi murmushi. Ni ban yi ba,

don Inna Tumba ta faɗo mini a rai,
ƙanwar uwata, da cikinta ya tashi ba ɗa,
aka ce jifa, aka ce iska,
aka sha saiwa da sassaƙe damina biyu,
ranar da aka kai ta Sakkwato an makara.
Kalmar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Na tofar da ita: "Daji ne?"

Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.
Ta juyo mini da gilashin.
"Baƙin nan da kike gani, ruwa ne zalla.
Fatarsa siririya, sumul,
ba tsoka a ciki, ba ɗakuna, ba tsiro,
jini bai sara hanya yana kai masa abinci ba.
Irin wannan, galibi, baƙo ne mai sallamar kansa.
Mai hana mu barci shi ne mai tudu da kwari,
mai tara ruwa a kewayen hanji,
ko wanda ya zo bayan al'ada ta ɗauke."

Na ce tawa tana zuwa, tana fashi,
kamar mai bashin da ba ya son a gan shi.
Ta rubuta. Ta tambayi labarin Inna Tumba,
ta rubuta wannan ma, ta ja masa layi.

"Saboda ita, ba zan sake ki haka ba.
Za a ɗebi jini. Amma jini shaida ne, ba alƙali ba,
yakan ɗaga murya kan abin da bai kai ba,
yakan yi gum alhali akwai magana.
Mako shida, ki dawo mu sake duba.
In ya motse, mun gode Allah.
In ya ƙaru ko ya sake kama, a cire shi a kai gwaji,
can kaɗai ake kiran abu da sunansa.
In kuwa ciwo ya murɗe ki farat ɗaya, da amai,
ko tsakar dare ne, kada ki jira gari ya waye."

A mota daga Birnin Kebbi na riƙe takardar a ƙirji.
Wata a gefena ta ce ta san mai magani, kwana uku ya narkar.
Na ce na gode. Ban karɓi lambar ba.

Da yamma na zauna tsintar albasa da ɗiyata Ige.
Ina latsa wuyan kowace, ina shinshinawa.
Mai ido yakan gane da yawa daga waje,
amma wata sai wuƙa ta ratsa ta ake sanin zuciyarta,
kuma ban taɓa zubar da buhu
don tsoron guda ɗaya ba.

Na gaya wa Ige komai, har da Inna Tumba,
don ita ma jinin nan ne.
Ta ɗauko gawayi ta ja zane shida a bangon rumbu.
Kowace ranar kasuwa nakan goge ɗaya.
Tsoron bai tafi ba, ya dai sami wurin zama.

Saura huɗu.